Hannun da Ya Shanye: Abin da Muke Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

A Matameye da ƙauyukan Kance, da wuya a sami unguwar da ba ta da dattijon da ke tafe yana jan ƙafa, hannu a naɗe a ƙirji. Sau da yawa ƙafar kan dawo, hannun ya ƙi. Wani ɓangare na dalilin yana cikin abubuwan da muka gada muna faɗa.

"Iska ce ta buge shi"

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take tasowa: ko gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa dama, shi ya sa ciwon kan bayyana a gefe guda. Babban mai jawo shi hawan jini ne, tansiyo a bakinmu, kamar yadda binciken SIREN da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018. Ba abin mamaki ba ne da muke zargin iska. Hawan jini ba ya ciwo, mutum ya kwanta lafiya, da asuba a tsince shi a bayi baki ya karkace, kuma bayi wuri ne da tun muna yara ake tsorata mu da shi. Alhali da sassafe ne jini ya fi hawa. Addu'a da tofi ba sa hana a ɗauke shi zuwa likita nan take, a yi su a hanya.

"Hannun ne ya mutu, sai tausa da gashi"

Da farko hannun lafiyarsa ƙalau, saƙon da ke zuwa masa ne ya yanke. Tausa na rage tsami, amma ba ta koya wa ƙwaƙwalwa komai. Kalmar "gashi" ma ta taimaka wajen ruɗa mu, domin da ita muke kiran aikin kine, wato motsa gaɓoɓi da atisaye a asibiti, sai muka ɗauka zafi ne maganin. Hannun da ba ya ji kuwa yana iya ƙonewa da ruwan zafi mai shi bai sani ba. Akwai kuma ɓarnar da muke yi da kyakkyawar niyya: kama shanyayyen hannu mu ja don tayar da mara lafiya daga tabarma. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ja ɗaya na iya gurɗa ta. A riƙe mara lafiyan ta ƙugu, in ya zauna a ɗora hannun kan matashi.

"A bar shi ya huta, mu yi masa komai"

Wannan ta fi wuyar gyara, domin daga tarbiyya ta fito. Wane ɗa ne zai zuba ido Baba na kokawa da ludayi, fura na zuba a riga? Sai a karɓe a ba shi a baki. Amma duk ranar da hannun bai yi aiki ba, ƙwaƙwalwa na ƙara mancewa da shi. Masanin Amurka Edward Taub ya nuna cewa rashin amfani da hannu abu ne da ake koya, kuma ana iya warware shi. Daga nan aka samo dabarar sanya wa lafiyayyen hannu safa don a tilasta wa ɗayan aiki. Gwajin EXCITE na 2006, mai mutum 222, ya tabbatar da amfaninta bayan horon mako biyu kacal. Sharaɗinta shi ne mutum ya fara iya ɗan ɗaga wuyan hannu da yatsu, kuma ma'aikacin kine ne zai tantance. A Jami'ar Bayero ta Kano an gwada ƙirga yawan maimaici maimakon awoyi, abin da ya dace da gidajenmu, tunda Asibitin Ƙasa na Damagaram ba wurin zuwa kullum ba ne. Kayan aikin suna tsakar gida: ɗaukar buta, jan carbi ɗaya-ɗaya, tsince wake a faifai, ɓare gyaɗa, sau ɗaruruwa a yini.

"Matsa ƙwallo na dawo da hannu"

Dunƙulewa kan dawo da kanta, har ta wuce kima. Buɗe yatsu da sakin abu ne ke wuya, nan ya kamata ƙoƙarin ya tafi.

"In an wuce wata shida, shi ke nan"

Gaskiya ne sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, don haka bai kamata a ɓata su wajen yawon neman magani ba. Bayan nan ci gaban kan zama na tafiyar hawainiya, sai iyali su gaji, a daina atisaye, hannun ya sandare, mu ce ai dama an faɗa. Ba kowa ne hannunsa ke komawa kamar da ba, musamman wanda ya yi makonni ba ko motsin yatsa. Amma ana samun waɗanda suka koyi riƙe kofi ko ɓalla maɓallin riga bayan shekara. Maganin tansiyo kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi, domin shanyewa ta biyu na iya shafe duk abin da aka tara.