Ruwa da gishirin jiki: awo shi ne rabin magani

Kowane manomi ya san kamannin hatsin da ruwa ya ɗauke wa: ganye ya naɗe, kara ya sunkuya. Ya kuma san in taki ya wuce kima, shuka ƙonewa take yi. To, ƴan uwa masu karatu, jikin ɗan Adam ma haka yake. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, na jinjiri kuwa ya kai kashi 70 cikin 100. A cikin ruwan nan akwai gishiri iri-iri a narke. Biyu su ne manya: sodiyom, na cikin gishirin miya, shi ke riƙe ruwa a jiki, sai fotasiyom, mai sa zuciya da tsoka su yi aiki. Zawo, amai, ƙunar wuta da zufa mai yawa suna fitar da ruwan tare da gishirin. Shi ya sa ruwa zalla ba ya maida abin da aka rasa.

Abin da malamar jinya ke dubawa

In kun kai yaro mai zawo likita, malamar jinya za ta fara aza shi bisa ma'auni. Sannan ta tambaya: yaushe zawon ya soma? Sau nawa ya yi? Yaushe rabonsa da fitsari? Ta dubi idanunsa ko sun faɗa, ta taɓa maɗigarsa. Ku lura, faɗawar maɗiga alamar ƙarancin ruwa ce. Shafa magani bisa kai ba ya tada ta. Sai ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki. In fatar ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya kamar tsohon walki, to, ruwa ya yi ƙasa. Daga ƙarshe ta miƙa masa ruwa. Wanda ya sha da zalama yana da sauran ƙarfi. Wanda ya yi laushi har ya kasa sha, shi ne a bakin haɗari.

Kowa da awonsa

Mai iya sha ana ba shi ruwan SRO, watau garin gishiri da sukari na cikin ƴar leda. Awonsa mililitir 75 ga kowane kilo, cikin awa 4. Yaro mai kilo 8 zai sha mililitir 600, watau rabin litir da ɗan ɗori, cokali bayan cokali. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba sannu a hankali. In fatar idonsa ta kumbura, a tsaida SRO, a ba shi nono ko ruwa.

Wanda ya galabaita, shi ake yi wa ƙarin ruwa ta jijiya, galibi da ruwan Ringer. A nan aikin jinya ya fi nauyi. Malama tana ƙirga ɗigo, tana jin bugun jini a kai a kai, tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ruwan da ya yi yawa yana taruwa a huhu, numfashi ya yi sama-sama. Saboda haka kada mai jinya ya taɓa makunnin robar wai don a gama da wuri a koma gona. Yaro mai tamowa mai tsanani kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar gishiri da yawa. Shi nasa haɗin daban ne, ana ce masa ReSoMal, kuma a likita kaɗai ake ba da shi.

Wannan dabara ta sha ta ceci rayuka da yawa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta faɗa wa ƴan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Lokotoro Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Mu ma a nan kwalara ba baƙuwa ba ce: a 2018 ta ɓulla a Madarumfa, a 2021 ta taɓa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Tana iya kashe ƙato cikin yini guda.

Aikinku a gida

Ku dama leda ɗaya ta SRO cikin litir ɗaya cif na ruwa mai tsabta. In babu, ku sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali. Kada ku ƙara gishiri: in ya yi yawa yana sa yaro jijjiga. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba ya sha mililitir 50 zuwa 100. Mai shekara 2 zuwa 10 ya sha 100 zuwa 200. Babba ya sha iyakar sonsa. Kada a yanke nono, kada a hana kunu. Ayaba tana maida fotasiyom. Rashinsa ke sa ciki ya kumbura, gaɓoɓi su mutu. Tun 2004 hukumomin OMS da UNICEF suka ce a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

In kun ga jini cikin zawo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko mara lafiya ya kasa sha, ku ɗaura amalanke ko da dare ne, kuna ɗura masa da cokali bisa hanya. Ku riƙe lissafi: ja layi ɗaya bisa takarda ga kowane zawo, ɗaya ga kowane kofi da ya sha. Takardar nan za ta gaya wa malamar jinya abin da idonta bai gani ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.