Auna Hayaƙin da Yara Ke Shaƙa a Madafa

Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura wutar murhu yana shaƙar hayaƙin da take shaƙa, alhali huhunsa bai yi ƙwari ba, numfashinsa kuma ya fi nata sauri. Hayaƙin itace, kara ko kashin shanu yana ɗauke da iska mai guba, wato kabon monoksaid, da ƙwayoyin kunkunniya masu kutsawa can cikin huhu su share wa ciwon nimoniya hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 irin wannan hayaƙi ya halaka yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000.

To, yaya ake gane yawan abin da yaro ya shaƙa? Ajiye na'ura a madafa bai wadatar ba, domin yaro ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka, tsakanin 2002 da 2004, masu bincike a ƙauyukan San Markos na ƙasar Guwatemala suka riƙa maƙala wa jarirai ɗan bututun gilashi a riga har tsawon awa 48. Sinadarin cikinsa kan sauya launi gwargwadon gubar da ta shige shi.

Binciken ya nuna cewa murhu mai mafitar hayaƙi ya rage gubar madafa da kusan kashi 90 cikin 100, amma wadda yaran suka shaƙa rabi kawai ta ragu, domin suna gamuwa da hayaƙi a wasu wuraren. Duk da haka, nimoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi 1 cikin 3. Ashe ma'aunin gaskiya a jikin yaro yake, ba a bangon madafa ba.