Mene ne cire bayan hoto?

Lokacin zaɓe kan zo da fastocin 'yan takara, mutum tsaye gaban tutar jam'iyyarsa alhali a ɗaki aka ɗauki hotonsa. Wannan shi ne cire bayan hoto: a zagaye mutum ko abu a cikin hoto, a goge duk abin da ke kewaye da shi.

A Photoshop, manhajar da kamfanin Adobe ya fitar a 1990, mai zane kan bi gefen jiki da hannu. Gashi da bakin mayafi su ne masu ba da wuya, nan ne ake gane gwani. Yanzu wayoyi da dama na yin aikin cikin daƙiƙu.

Masu sayar da atamfa da takalma a intanet na amfana sosai. Abin damuwa shi ne da wannan dabarar ake haɗa mutum da wanda bai taɓa gani ba. Duba inuwa da gefen kunne kafin ka tura hoto gaba.