Shin Ko Kun San? Masu Tsare Ɗakin Gobe da Nisa, Daga Sokode Zuwa Dapaong

Shin ko kun san cewa daga Dapaong zuwa Lome tafiyar fiye da kilomita 600 ce, daga Sokode kuwa wajen 340? Manyan asibitocin koyarwa na ƙasar Togo uku ne: biyu a Lome, wato Sylvanus Olympio da Campus, na ukun a Kara. Sokode da Dapaong kowanne asibitin yanki gare shi. To, mai ciki da jini ya ɓalle mata tsakar dare, da ɗan kabu-kabun da tirela ta banke a babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga bakin teku zuwa iyakar Burkina Faso, da manomin da kububuwa ta sara a gona, babu wanda zai iya jiran motar Lome a cikinsu. Ransu, bayan ikon Allah, yana hannun wanda ke aikin kwana a asibiti mafi kusa.

Shin ko kun san cewa sau da yawa mai aikin kwanan nan ba likita ba ne? Tun 1972 jami'ar Lome, wadda a lokacin ake kira Jami'ar Benin, ta buɗe makarantar horar da mataimakan likita. A tsarin da aka daɗe ana bi, ɗalibi kan yi shekara uku bayan sakandare, ya fito yana duba marasa lafiya, yana rubuta magani. Wani reshe na makarantar yana yaye masu sa barcin tiyata da farfaɗo da wanda ya galabaita. Ƙwararrun likitocin wannan fanni kaɗan ne a Togo, yawancinsu kuma suna Lome, saboda haka a cikin ƙasa waɗannan jami'ai ne ke riƙe da ɗakin tiyata da ɗakin da mu Hausawa muke ce wa gobe da nisa. Mutanen unguwa "likita" suke kiransu, kuma ban ga laifinsu ba, tunda aikin likitan suke gani ana yi.

Sokode ma tana da nata rabon: a nan makarantar ƙasa ta horar da mataimakan ma'aikatan jinya da mataimakan ungozoma take.

Shin ko kun san cewa likitocin Togo da kansu suka fito da ɗaya daga cikin alƙaluma mafi tayar da hankali a tarihin sa barcin tiyata? A 2005 Dakta Ouro-Bang'na Maman da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu a mujallar Tropical Doctor. Sun bi mutum 1,464 da aka sa barci domin tiyata a babban asibitin Lome. Mutum 30 suka rasu kafin a cika awa 24, rabinsu a tiyatar haihuwa. Kashi 93 cikin ɗari na mace-macen, in ji masu binciken, ana iya kauce musu. A lissafinsu, cikin kowane mutum 133 da aka sa barci, ɗaya kan mutu ta wata matsalar sa barcin da ake iya magancewa. Wasu kuma rashin jinin ƙari ne ya kashe su. A babban birni ke nan fa. Ina jinjina wa waɗannan bayin Allah, domin ba kowane ma'aikaci ne zai ƙirga gawarwakin wurin aikinsa ya nuna wa duniya ba. Wannan adadi na 133 ya zagaya tarukan likitoci, kuma ƙungiyar Lifebox da aka kafa a 2011 ta rarraba 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini a ƙasashe da dama, har da Togo.

Shin ko kun san cewa ɗakin kulawa ta musamman da hannun ɗalibai ya fara? A 1952 annobar shan-inna ta afka wa Kopenhegen, babban birnin Danmak. Daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta hana numfashi a asibitin Blegdam, 27 suka mutu. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa tura iska cikin huhu da jakar roba. Injin da zai yi aikin babu, sai aka ɗebo ɗalibai kimanin 1,500 suna karɓa-karɓa, suna matsa jakar dare da rana har tsawon makonni. Mutuwa ta ragu da fiye da rabi. A shekarar da ta biyo baya Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya.

Shin ko kun san cewa a shekara guda, 1965, Amurka ta haifi sana'o'i biyu saboda ƙarancin likitoci? A Jami'ar Duke, Dakta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa guda huɗu ya fara horar da su a matsayin mataimakan likita. Uku suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967. A Jami'ar Kolorado kuma, wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas-nas su riƙa duba yara da kansu. Ford ta rasu a watan Janairun 2025 tana da shekara 104. Ku lura: shekara bakwai kacal ne tsakanin ajin Duke da makarantar Lome.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da ke biyo bayan karɓar takardar shaida.

Shin ko kun san cewa tun 1971 asibitin Montefiore da ke New York ya buɗe horon ƙarin sani ga mataimakan likita da suka riga suka gama makaranta? Na tiyata ne. Daga baya sauran fannoni suka bi sahu, kuma a 2012 asibitocin Jami'ar Emory da ke Atlanta suka fara irinsa na kula da masu rai a hannun Allah, inda ake haɗa mataimakan likita da manyan nas-nas aji ɗaya. Yawancin irin wannan horo shekara guda ne. Ba dole ba ne, kuma wanda ya shiga yakan haƙura da albashin da bai kai na takwarorinsa ba. Yana zagaya ɗakunan kulawa ɗaya bayan ɗaya: na zuciya, na ƙwaƙwalwa, na bayan tiyata, na ciwon ciki da huhu. Yana koyon zura bututun numfashi, da saita injin numfashi, da sa layin ruwa a babbar jijiyar wuya, da duba zuciya da huhu da na'urar hoto a bakin gado. Mafi wuya a cikin darussan babu na'ura a cikinsa: gane wanda zai rikice nan da awa biyu alhali yanzu yana hira, da zama da dangi a faɗa musu gaskiyar halin da ɗan'uwansu ke ciki. Duk wannan ana yi ne ƙwararre na tsaye a bayanka, yana gyara maka hannu.

Shin ko kun san cewa an gwada an gani? A asibitin Jami'ar Vanderbilt an bi marasa lafiya 9,066 da aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman, wasu a hannun tawagar manyan nas-nas, wasu a hannun matasan likitoci masu neman ƙwarewa. Sakamakon da mujallar Chest ta buga a 2016 bai nuna bambanci ba a yawan waɗanda ke raye bayan kwana 90. Sai dai kada a ɗauki rabin zance: duka tawagogin biyu ƙarƙashin ƙwararrun likitoci suke aiki, kuma nas-nas ɗin sun sha horo kafin a sakar musu ɗakin. Wanda ya karanta wannan bincike ya ce ashe ba a bukatar likita, bai karanta shi da kyau ba.

Shin ko kun san cewa wani mataimakin likita ɗan Amurka ya shugabanci aikin lafiya a wani asibiti kudu da Dapaong? A garin Mango, tafiyar kimanin kilomita 70, wata ƙungiyar mishan ta buɗe Asibitin Hope a 2015. Todd DeKryger, wanda ya ƙware a aikin tiyata, shi ne shugaban ma'aikatan lafiyarsa. A watan Fabrairun 2016 zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗauke shi zuwa birnin Kolon na Jamus, ya rasu can yana da shekara 46. Sai bayan rasuwarsa aka gano zazzaɓin Lassa ne. Nas ɗin da ya yi jinyarsa ya kamu, aka kai shi asibitin Emory, ya warke. Wani mai shirya gawa a Jamus shi ma ya kamu. Mai kula da wanda ke gargara shi ne ya fi kowa kusa da jini da majina da amai, don haka koyon kare kai yana cikin karatun tun daga ranar farko.

A shekarar 2016 ɗin ce kuma sanƙarau ya ɓarke a arewacin Togo. Ga zazzaɓin cizon sauro mai kai yara ga suma kowace damina, ga jijjigar masu ciki, ga dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes tun watan Yunin 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyaka.

Shin ko kun san cewa yawancin masu ciwon ajali a Afirka ba sa ma kaiwa ɗakin kulawa ta musamman? Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2025 ya duba manya 19,872 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. Ɗaya cikin takwas yana cikin mawuyacin hali. Ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu kafin kwana bakwai. Kashi 69 cikin ɗari a ɗakin kwanciya na kowa da kowa suke, kuma cikin waɗanda numfashi ya gagara, kusan rabi ne kawai ake ba iskar oksijin. Wannan bincike ya fi komai gamsar da ni cewa bai kamata a kwafo manhajar Atlanta yadda take a sauke a Sokode ba. Abin da ya fi kashe mutane a nan yana da arha wajen tarewa: a ƙirga numfashi, a auna bugun jini a kan kari, a juya wanda ya suma ya kwanta ta gefe don kada ya shaƙe, a sa ƙarin ruwa da wuri, a ba da oksijin. Masana sun tattara irin waɗannan matakai guda 40 a 2021, suka ce kowane asibiti a duniya ya kamata ya iya su. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan kulawar gaggawa da ta masu mawuyacin hali da tiyata, da wani a kan samar da oksijin.

Shin ko kun san cewa Kenya ta riga ta gwada hanyar? A 2015 asibitin Kijabe ya fara horon wata 18 ga jami'an lafiya irin mataimakan likitan Togo, a fannin gaggawa da kulawa ta musamman, suna fita da babbar difloma. A nan kusa kuma, tun 1996 birnin Kwatano ke yaye likitocin sa barci domin ƙasashen da ke amfani da Faransanci, a ƙarƙashin Farfesa Martin Chobli, wanda sunansa ke cikin marubutan binciken nan na Lome. Malaman da za su koyar, ke nan, akwai su a maƙwabta.

Abin da nake fata ga Sokode da Dapaong bai wuce wannan ba. A zaɓi mataimakan likita da nas-nas da suka riga suka yi shekaru a bakin gado, musamman 'yan yankin masu jin Kotokoli da Moba da Hausa, waɗanda za su iya yi wa tsohuwa bayani ba tafinta. A ba su shekara guda: wani ɓangare a Kara ko Lome inda injuna da ƙwararru suke, mafi tsawo a asibitin da za su koma, malami yana zuwa yana kwana tare da su. Idan duk horon a Lome aka yi, da yawa can za su maƙale. Sannan a rubuta a doka abin da mai wannan horo ya halatta ya yi da hannunsa da lokacin da dole ya kira likita, a ba shi takardar da ma'aikatar lafiya ta amince da ita, a ɗaga matakin albashinsa. Idan aka bar shi a matakin da yake tun ranar da ya fito makaranta, asibitin kuɗi a Lome zai ɗauke shi, gadajen Dapaong su koma hannun sabon yaye.