Abin Da Yaran Salinas Suka Koya Wa Likitoci Game Da Ciwon Fitsarin Dattawa

Da wuya a sami ikkilisiyar da babu dattijo mai fama da fitsari: ya tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, fitsarin kuma ya zo da ƙyar. Sau da yawa tushen damuwar wani ɗan ƙululu ne da likitoci ke kira furostet. Maza kaɗai ke da shi, girmansa kamar goro, yana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarsa ta bi. In ya kumbura sai ya shaƙe hanyar.

Tun da daɗewa an san marainan namiji suna da hannu a girmansa, gama babanni da aka dandaƙe tun suna yara ba ya girma a jikinsu. Marainan ne ke yin sinadarin da ake kira testosteron. Amma sauran bayanin daga wani ƙauye ya fito.

Sunan ƙauyen Salinas, a Jamhuriyar Dominika, can tsibiran Karibiyan. A wurin akan haifi jariri a ga kamar mace ce, a raɗa masa sunan mace, a yi renonsa cikin 'yan mata. Da ya kai wajen shekara 12 sai murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, maraina su sauko, al'aura ta girma ta koma ta namiji. Wata likita daga Jami'ar Kwanel ta Amurka, Dokta Julianne Imperato-McGinley, ta bincika su, a shekara ta 1974 kuma ta ba da rahoton mutum 24 daga iyalai 13.

Ga abin da ta gano. Testosteron shi kaɗai ba ya gama aikin. Akwai wani sinadari a jiki, 5-alfa ridaktes, wanda ke juya shi ya zama wani mai ƙarfi fiye da shi, ana taƙaita sunansa DHT. Tun jariri yana cikin watannin farko a ciki, DHT ɗin nan ne ke siffanta al'aurar namiji ta waje, shi ne kuma ke sa furostet ya tsiro. Yaran Salinas maza ne, marainansu na aiki, sinadarin juyawar ne ya gaza. Sai lokacin balaga, da testosteron ya yi yawa ƙwarai, ya ƙarasa abin da zai iya. Gadon abin ake yi, kuma kamar sikila, sai yaro ya karɓa daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ya fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa. An kuma same shi a Turkiyya da Papuwa Niyu Gini. A ganinmu, iyayen da aka haifa musu jaririn da ba a rarrabe ko mace ne ko namiji ba, gara su kai shi babban asibiti a yi gwaji da su ɓoye shi a ɗaka saboda bakin mutane.

Abin da ya ja hankalin masu haɗa magani shi ne, waɗannan mutane ko sun girma furostet ɗinsu ƙarami yake zama, gemunsu kaɗan, ba su kuma yin sanƙo. Sai kamfanin Merck ya yi tunani: in rashin sinadarin tun haihuwa na hana ƙululun girma, to maganin da zai danne sinadarin a jikin dattijo ai zai iya rage kumburin. Haka aka sami finasterayid, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992 da sunan Proscar.

Maganin ba ya aiki da gaggawa. Yakan ɗauki wata 6 ko fiye kafin a ji sauƙi, ƙululun kan ragu da misalin kashi ɗaya cikin biyar, in an daina sha kuma ya sake girma. Wasu mazan sha'awarsu takan ragu, wannan kuwa magana ce da ta kamata miji ya yi da matarsa tun da wuri. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin tana iya jawo wa ɗa namijin da ke cikinta irin abin da ya sami yaran Salinas. Kuma maganin yana rage sakamakon gwajin jini na PSA da wajen rabi, saboda haka mai shansa lalle ya faɗa wa likita kafin a auna shi, don kada ciwon daji ya ɓuya a bayan ƙaramin adadi.