Tankar Ruwan Taki: Ramin Nan Ba Aljanu Ne A Ciki Ba

Wani bidiyo ya daɗe yana yawo a wayoyin matasan manomanmu. Tarakta ce ke jan ƙatuwar tanka a cikin wani koren fili na ƙasar Turai, baƙin ruwa yana tashi daga bayanta kamar ɗawisu ya buɗe jela. Duk wanda ya turo mini sai ya ɗora da magana ɗaya: ga abin da zai raba mu da tsadar takin zamani. Mutum uku sun tambaye ni inda ake sayarwa da nawa za ta kai idan an sauke ta a Legas. Har yau ba wanda ya tambaye ni abin da ke cikin ramin da ake zuƙo ruwan.

Da na yi shiru, sai dai abin da na gani a wata gonar shanun madara a bayan gari ya hana ni. Suna da ƙaramar tanka, an zura mesa a ramin da ke tara wankin garke, sai mesar ta toshe. Manajan ya ƙwala wa wani yaro kira, bai fi shekara goma sha shida ba. Yaron ya cire silifas, ya naɗe wando, ya ɗaure tsumma a hanci, ya kama tsani zai sauka. Na riƙe masa hannu. Manajan ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai kashin shanu ne. Da shi muka tashi, da kandilo iyayenmu suka yi girki." Wannan maganar na gaji da ji.

Ruwan taki ba wani abu ba ne illa kashi da fitsarin dabbobi da ruwan wankin daɓe, a tara su wuri ɗaya su zama kamar kunu mai ruwa-ruwa. Tankar kuwa tana da famfon da ke zuƙe iskar cikinta, ruwan ya biyo mesa ya cika ta, a gona a juya famfon ya hura iska ya turo shi waje. Iyakar fasahar ke nan.

Manajan ya yi gaskiya a abu ɗaya: kandilo ba ya kashe kowa. Kashin da ya bushe a mashekari, rana ta dake shi, iska ta ratsa shi, ba ruwansa da kai. Amma wanda ya kwana makonni a cikin ruwa, a rami mai murfi, wani abu ne dabam. A can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙwayoyin cuta suna cin sa suna fitar da iskoki, mafi muni a cikinsu ita ce haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana maƙale a cikin ruwan, ƙarƙashin ɓawon da ke taruwa a sama, kamar gas a kwalbar lemo. Ranar da aka fasa ɓawon, ko aka dama ruwan don ya bi mesa, ranar take fitowa gaba ɗaya. Kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi ta tafi. Tana kwanciya a ramin, daidai inda yaron nan zai sa kansa.

Ga abin da ya fi yaudarar mutane. Idan tana kaɗan, hanci na jin ta sosai, mutum ya toshe hanci ya ja da baya. Idan ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan na iskar wurin, sai ta kashe jijiyar jin wari. Mutum ya ji warin ya ɗauke, ya ce alhamdulillahi ya wuce, alhali yanzu ne ya shiga hatsari. Idan ta kai kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, numfashi ɗaya ko biyu ya isa mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ihu ba salati. Wanda iskar ba ta ƙarasa ba, ruwan da ya faɗa ciki da fuska zai ƙarasa shi. Saboda haka mai cewa "ni na saba da warin" bai san me yake faɗa ba. Ba a sabawa da ita.

Tsumma a hanci ba ya tace iska mai guba, ko an jiƙa shi, ko an ninka shi goma. Takunkumin da muka sa lokacin korona ma haka. Shan madara kafin a sauka, ko manja bayan an fito, ba ya taɓa abin da ya shiga jini ta huhu. Akwai kuma dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila a ga ko za ta mutu. A rijiya tana da ɗan amfaninta, domin tana nuna ƙarancin iskar numfashi. A ramin taki kuwa fitila za ta ci gaba da ci lafiya lau a cikin iskar da za ta kashe ƙato, tunda kashi 1,000 cikin miliyan ɗigo ne. Ƙari a kan haka, ramin yana tara irin gas ɗin da ake girki da shi. Ka zura wuta, ka sayi wani bala'in.

Kada a ɗauka jahilci ne kawai ke jawo wannan. A watan Satumba na 2012, a wata gona kusa da Hillsborough a Arewacin Ailan, karen gida ya faɗa ramin taki. Aka shiga ceto shi, wanda ya shiga ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi. Uba, Noel Spence, da 'ya'yansa biyu, Graham da Nevin, duk suka rasu a yammacin nan. Nevin ɗan shekara 22 ne, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na ƙungiyar Ulster, mai ƙarfi da cikakkiyar lafiya. 'Yar'uwarsu Emma ita ma ta shiga, Allah ya yi da sauran kwananta, aka kai ta asibiti. Manoma ne na gado, sun san aikinsu. Ƙaunar ɗan'uwa ce ta ja su ɗaya bayan ɗaya.

Mu ma ai mun san irin wannan labari, sai dai a wurinmu sunansa masai ko tsohuwar rijiya. Waya ta faɗa, mutum ya shiga ɗaukowa, shiru. Ƙaninsa ya bi, shiru. Maƙwabci ya bi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso an yi gawa uku. Washegari a majalisa sai ka ji ana cewa ramin yana da aljanu, dama an daɗe ana jin motsi. Ba na musun aljanu, amma a bar su su huta a wannan magana. Muddin muka ɗora musu laifin, ba za mu gyara komai ba, gobe wani manajan zai sake tura ɗan wani. Kuma a lura, ba ɗan mai gona ake turawa ba. Almajiri ne ko ɗan ƙodago da aka ɗauka a kan kuɗin da bai kai na buhun dusa ba. Wanda ya san da wannan iska kuma ya ce wa yaro sauka, ya tanadi amsar da zai bayar gaban Allah.

To me za a yi? Ba a shiga ramin, ko da ya yi kama da ba komai a ciki. Ba a shiga cikin tankar kanta, ko an juye ta, domin ragowar da ke manne a jikinta tana ci gaba da fitar da iskar. Ranar dama taki a zaɓi ranar da iska ke kaɗawa, a fitar da dabbobi duka daga rumfar, a buɗe ƙofofi, a kori yara da karnuka da kaji. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Arewacin Ailan tana gargaɗin manoma su kunna injin damawa su fice, kada su koma sai bayan aƙalla minti 30, domin farkon damawa ne iskar ta fi yawa. A tsaya ta inda iska ke tahowa. A kasance mutum biyu. Idan wani ya faɗi, a kashe inji, a kira 'yan kwana-kwana, kada a bi shi. Na san wannan ita ce shawara mafi ɗaci da za a ba Bahaushe, ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Amma ba a riƙe numfashi a sauka tsani a ɗauko mutum mai nauyin buhun masara a hau da shi. Ramin kuma a yi masa murfi mai kwaɗo da shinge. Masu kajin ƙwai na keji da ke tara kashi mai ruwa a ƙarƙashi, maganar nan da ku ake yi.

Sai batun saye. Tambayar farko: kana da ruwan takin kuwa? A Ailan da Holan da Denmak, shanu suna shafe watannin hunturu a ɗaki kan siminti, saniyar madara ɗaya tana fitar da wajen lita 50 a rana. Dole ce ta sa su ƙera tanka. Kai da shanunka ashirin ke fita kiwo da safe su dawo da yamma, takinka busasshe ne, amalanke da mangala sun ishe ka. Kuma a daina yi wa rogo kallon kitse: fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan takin shanu ruwa ne zalla. Tanka mai lita 10,000 tana ɗauke da naitirojin da bai fi na buhun yuriya ɗaya da 'yan kai ba, sai fotash da sauran abin da ke gyara ƙasa. Idan gonar tana da nisa da garke, man dizal zai cinye ribar. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya ya fi kowa ya ajiye tasa tana tsatsa wata goma.

Girma ma ba ado ba ne. Lita 1,000 tan ɗaya ce, don haka waccan tankar tan goma ce ban da nauyin ƙarfenta. Taraktar da ta fi yawa a wurinmu, irin Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, wataƙila ta ja ta a kan daɓe, amma ba za ta tsayar da ita a gangara ba, musamman in tankar rabi ce ruwan yana tangaɗi. Ni dai a ganina lita 3,000 zuwa 5,000 ta wadatar, kuma a tabbata tankar tana da birkinta.

Yawancin abin da zai iso mu na hannu ne, ƙirar Joskin ta Beljiyam, ko Abbey da Hi-Spec na Ailan, ko Fliegl ta Jamus, wadda wani ya more ya gaji. Sabon fenti ba shaida ba ne, tsatsa daga ciki take ci. A haska tocila ta ƙofar baya daga nesa, ba a zura kai ba. Tankar da jikinta ya sirance, ranar da famfo ya zuƙe iska za ta lotse kamar gwangwanin madara. A kunna famfon a ga ko yana shan mansa, a ga allurar agogon tana motsi, a duba ƙwallon da ke tare ruwa kada ya shiga famfo, a tambayi bakanike ko ana samun kayan gyaranta a Kano ko Kaduna kafin a biya ko kwabo. In ta buƙaci walda, a wanke ta, a bar ta a buɗe ta sha iska, kada mai walda ya kunna wuta kan gas. Sandar ƙarfen da ke juya famfo daga bayan tarakta kuwa tana zagayawa sau 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. In ba ta da murfinta na roba, kada a kunna. Mu masu babbar riga da rawani da dogon hijabi ya kamata mu fi kowa tsoronta.

Abin dariyar shi ne, feshin nan mai kyan gani na cikin bidiyo shi ne wanda Turawan ke gudu. Holan ta hana shi tun shekarun 1990, saboda naitirojin ɗin yana bin iska, manomi ya yi asara, maƙwabta su sha wari. Yanzu ƙananan mesoshi ne ke zuba shi a gindin ciyawa, ko a tsaga ƙasa a cusa. A zafin ranarmu asarar ta fi haka. A zuba da sassafe ko da yamma, a bi da garma a rufe a ranar. Kada a zuba hadari na haɗuwa. A Ingila doka ta hana zubawa ƙasa da mita 10 daga rafi, ko mita 50 daga rijiya ko burtsatse, kuma rijiyoyinmu ba su fi nasu kariya ba. Latas da kabeji da karas, waɗanda ake ci ɗanye, masu noma ba da sinadari ba a Amurka suna barin kwana 120 tsakanin ɗanyen taki da girbi. Dabbobi ma a ba filin kamar wata guda kafin a sake su. Masu tare motar kwasar masai su ba direba na goro ya juye musu a gonar kayan miya, wannan ba taki ba ne, kwalara ce ake shukawa.

A gonar nan da na faɗa, bayan mun yi ta ja-in-ja da manajan, direban tarakta ya juya famfon ya hura iska ta cikin mesar, aka jawo ta waje. Igiyar buhu ce da leda baƙa suka naɗe a bakinta. Yaron ya sa wuƙa ya yanke, bai yi minti biyu ba, ya kwance tsumman hancinsa ya goge hannu da shi.