Raguwar ƙwaƙwalwa a cutar MS: gaskiya da jita-jita

Cutar MS, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya fayyace a shekarar 1868, tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, bisa ƙididdigar 2020. Cikin abubuwan da ke hana masu ita barci har da kalmar da sukan gani a takardar hoton MRI, wai ƙwaƙwalwa ta ragu. Daga nan sai zantuka su yi yawa.

Gaskiya ne ƙwaƙwalwar mai MS tana raguwa da sauri fiye da ta mai lafiya. Baligi lafiyayye yana rasa kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 a shekara, mai MS da ba ya kan magani kuwa yakan rasa kashi 0.5 zuwa sama da 1. Ke nan raguwar kanta kowa yana yin ta, bambancin yana wajen sauri. Masu cewa sai cutar ta yi nisa ake fara asarar ba su faɗi daidai ba: ana ganin ta tun shekarun farko, musamman a sashen da ake kira talamus, kuma tana da alaƙa da nakasa da raunin tunani da ke biyo baya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar lamba ɗaya a matsayin hukunci. Hoto ɗaya ba ya nuna saurin raguwa, sai an ɗora hotuna biyu na lokuta daban a kan juna, kamar yadda manhajar SIENA ta Jami'ar Oxford ke yi. Masu bincike sun ba da shawarar kashi 0.4 a shekara a matsayin iyakar da ke raba abin damuwa da wanda ba shi ba. To amma canjin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, abubuwa da dama na iya rufe shi. Wani bincike a Jamus a 2005 ya nuna cewa awa 16 ba shan ruwa ya rage girman ƙwaƙwalwa da kusan kashi 0.55, fiye da iyakar shekara guda cur. Mai azumi ya kamata ya gaya wa likita kafin a ɗauki hoton. Sauya na'ura ma yana sauya lamba, haka lokacin ɗauka, domin ƙwaƙwalwa takan fi cika da safe. Ma'aunin yana da ƙarfi idan ana kwatanta ɗaruruwan marasa lafiya a gwajin magani, amma a kan mutum ɗaya cikin shekara ɗaya yana da rauni. Ba da shi ake tabbatar da cutar ba ma.

Jita-jitar da ta fi ba ni tsoro ita ce wai magani ne ke cinye ƙwaƙwalwa. Tushenta shi ne, a watannin farko bayan fara magani mai ƙarfi irin su natalizumab, hoto kan nuna raguwa ta ƙaru. Kumburi ne ya sauka, ruwan da ya taru ya janye, kamar ƙafar da ta saɓe bayan targaɗe. Shi ya sa ake jira wata 6 zuwa 12 kafin a ɗauki hoton da za a riƙa kwatantawa da shi. Wanda ya ajiye maganinsa saboda wannan ya cuci kansa.

Masu tallan ƙwayoyin da wai ke mayar da ƙwaƙwalwar da ta ragu, ƙarya suke yi. Abin da aka tabbatar shi ne rage saurin asarar: maganin fingolimod ya rage shi da kusan kashi ɗaya bisa uku a gwajin da aka wallafa a 2010. Barin taba da kula da hawan jini su ma suna taimakawa.

Idan ka ga kalmar raguwar ƙwaƙwalwa a takardarka, kai wa likitan jijiyoyi, ka tambaye shi da wane hoto aka kwatanta, kuma ko na'ura ɗaya ce ta ɗauki biyun.